Alhakin Hukuma Kan Lafiyar Jama'a: Darasin Kano Na 1996 Ga Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk mutumin da ya miƙa hannunsa aka yi masa allura, ko ya buɗe bakin ɗansa aka ɗiga masa magani, ya ba da amana ne. Bai san abin da ke cikin kwalbar ba, kuma ba shi da hanyar da zai bi ya sani. Abin da ya dogara a kai shi ne, akwai wata hukuma wadda ta duba maganin kafin ya iso gare shi, ta san wanda ya kawo shi, ta kuma san wanda za a tuhuma idan ya yi ɓarna. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wannan amana: wanda aka damƙa wa ita, yadda takan salwanta, da kuma hanyoyin da doka ta tanada don a bi sawunta. An ɗauki ƙasar Daura a matsayin fagen nazari, watau ƙananan hukumomi 5 da ke ƙarƙashin masarautar, Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango. An kuma ɗauko babban misali daga Kano, domin a can ne aka yi abin da ya fi kowane fito da wannan matsala fili a ƙasar Hausa, kuma sakamakonsa bai tsaya a bakin iyakar Jihar Kano ba.

Yadda Aka Rarraba Alhakin

A zamanin En'e, tsarin kiwon lafiya a ƙasar Daura ƙarami ne ƙwarai, amma sarƙarsa a bayyane take. Idan agana ko sanƙarau ta ɓulla a ƙauye, mai unguwa zai gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika wa Sarki, daga nan labari ya isa ga likitan lardi. Malamin shan magani da malamin lamba da duba-gari ma'aikatan En'e ne, daga baitulmalin En'e ake biyansu. Tsarin yana da nasa aibu, domin tilasci ya yi yawa a cikinsa, talaka kuwa ba shi da bakin ƙorafi. Duk da haka, idan aiki ya ɓaci, kowa ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Sauye-sauyen mulki sun zo ɗaya bayan ɗaya. Daura ta kasance cikin Lardin Katsina, sa'an nan a 1967 ta shiga Jihar Arewa Ta Tsakiya, wadda aka mayar Jihar Kaduna a 1976. A wannan shekara ce kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi, wanda ya raba sarakuna da ikon zartaswa. Ran 23 ga Satumba, 1987, aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A cikin waɗannan shekaru ne duniya ta karkata ga kiwon lafiya matakin farko, bayan taron Alma-Ata na 1978, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora wannan aiki a wuyan ƙananan hukumomi.

Tsarin da aka gada daga nan hawa uku ne. Gwamnatin Tarayya ce ke riƙe da manyan asibitocin koyarwa, da rajistar magunguna, da sayen alluran rigakafi. Gwamnatin jiha ce ke riƙe da manyan asibitocin garuruwa. Ƙaramar hukuma kuwa, tare da hukumar jiha mai kula da lafiya matakin farko, su ke da ƙananan asibitocin mazaɓu da ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Tsarin Mulki na 1999 ya bayyana a sashe na 14 cewa tsaro da jin daɗin jama'a su ne maƙasudin farko na gwamnati, ya kuma umurci hukuma a sashe na 17 da ta tanadi isassun kayan kiwon lafiya ga kowa. Sai dai sashe na 6 ya hana a kai gwamnati kotu a kan waɗannan alkawura kai tsaye. Saboda haka an rubuta wajibin, amma ba a ba talaka sandar tilasta shi ba.

A nan ne matsalar take. Allurar rigakafi guda ɗaya da za a yi wa yaro a Baure, Tarayya ce ta saye ta, jiha ce ta adana ta cikin sanyi, ƙaramar hukuma ce ta kai ta ƙauye, ma'aikacin da ya yi ta kuwa wataƙila wata hukuma ce dabam ke biyansa. Idan allurar ta lalace a hanya, kowane ɗayansu yana iya nuna ɗan'uwansa da yatsa, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ɗungum ba. Abin da ya zama na kowa, sau da yawa ba shi da mai shi.

Abin Da Ya Faru A Kano

Ƙasar Hausa tana cikin yankin da masana ke kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Cutar takan tashi da hunturu, ta tsananta da bazara, ta lafa idan ruwa ya sauka. A farkon 1996 aka yi annobarta mafi muni a tarihin Nijeriya. Mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, kuma a lokaci guda ƙyanda da kwalara suna ta ɗibar yara. Asibitin Zana na Kano, watau asibitin cututtuka masu yaɗuwa, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF tana wurin, tana ba da maganin da aka saba amfani da shi kyauta.

Ana cikin haka sai ga ma'aikatan kamfanin magunguna na Pfizer daga Amurka, sun zo gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Suka zaɓi yara kimanin 200. Aka ba rabinsu Trovan, aka yi wa sauran rabin allurar seftiriyazon, wadda sananniya ce, don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 daga cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Wasu kuma suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni ma'aikatan kamfanin suka tattara nasu ya nasu suka koma, annoba kuwa ba ta ƙare ba.

Wajibi ne a yi adalci wajen faɗin abin da kowane ɓangare ya ce. Iyayen yaran sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma sanar da su cewa akwai maganin da aka tabbatar a cikin asibitin ba. Lauyoyinsu sun ƙara da cewa an rage yawan seftiriyazon ƙasa da ƙa'ida. Kamfanin ya musa laifi tun daga farko har ƙarshe. Ya ce ya sami izinin hukuma, ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma amince da baki, ya ce sanƙarau ce ta kashe yaran ta kuma naƙasa su, domin lalle cutar takan yi hakan. Abin da babu gardama a kansa shi ne, ba a kawo takardun amincewar iyaye ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Trovan ga manya a ƙarshen 1997, ba ta taɓa amincewa da shi ga yara ba, kuma a 1999 ta taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta.

Ƙofofin Da Aka Bari A Buɗe

An saba ba da wannan labari a matsayin labarin kamfanin ƙetare da talakawan Afirka. Amma Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baƙo ba ya sauka da jirgi, ya shigo da magani, ya sami ɗaki a asibitin gwamnati, ya taɓa 'ya'yan mutane, sai da hannun 'yan gida. Ga mai nazarin aikin gwamnati, ƙofofi huɗu ne aka bari a buɗe.

Ta farko ita ce ƙofar izini. Ƙa'idar duniya, tun daga shari'ar likitocin Jamus a Nuremberg a 1947, ita ce ba a gwada magani a jikin mutum sai da yardarsa bayan an fahimtar da shi, daga baya kuma aka ƙara da sharaɗin cewa sai wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin gwajin. Kamfanin ya nuna wata takardar amincewa daga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano mai ɗauke da kwanan watan Maris na 1996. Daga baya ta bayyana cewa an rubuta takardar ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan wata baya, kuma a lokacin da aka ce an ba da ita asibitin bai kafa irin wannan kwamiti ba. Hannun ɗan ƙasa ne ya rubuta ta.

Ta biyu ita ce ƙofar rubutu. Da a ce an ajiye cikakkiyar rajista a asibitin, mai sunan kowane yaro da unguwarsa da abin da aka ba shi, da an san waɗanda abin ya shafa tun da wuri. Rashin wannan ne ya sa, shekaru goma sha biyar bayan haka, sai da aka koma ga gwajin ƙwayoyin halitta kafin a tantance masu haƙƙi, domin waɗanda suka fito neman diyya sun zarce adadin yaran da aka yi gwajin a kansu.

Ta uku ita ce ƙofar bayyana gaskiya. Shekara huɗu ba wata hukuma da ta ce uffan, sai da jaridar Washington Post ta Amurka ta tona maganar a watan Disamba na 2000. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi. Kwamitin ya yi aikinsa, ya ce gwajin ya saɓa wa doka, ya miƙa rahoto. Daga nan rahoton ya shiga aljihun tebur. Bai fito ba sai a 2006, kuma ba gwamnati ce ta fitar da shi ba, wannan jarida ce dai ta same shi ta buga. Iyayen da aka yi binciken dominsu sun ji sakamakonsa ne daga wata ƙasa.

Ta huɗu ita ce ƙofar diyya. Iyalan ne suka fara kai ƙara da kansu a 2001. Sai a 2007 Gwamnatin Kano da ta Tarayya suka shigar da nasu ƙararrakin. A watan Janairu na 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yarda cewa ana iya sauraron ƙarar iyalan a can. A watan Yuli na wannan shekara aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya na jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. A watan Agusta na 2011 aka biya iyalai 4 na farko dala 175,000 kowannensu. Yaron da aka haifa a shekarar annobar ya isa shiga babbar sakandare kafin a biya sisin kwabo.

Abin Da Rashin Amana Ya Jawo

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jita-jita ta bazu a Arewa cewa an gauraya maganin rigakafin shan inna da abin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Gwaje-gwajen da aka yi ba su tabbatar da zargin ba, amma masu ƙin maganin suna da hujja guda wadda ba mai iya ƙaryatawa: an taɓa yi a Kano, hukuma kuwa ta yi shiru. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an kawo magani daga Indonesiya. Yaran da shan inna ta kama a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006, kuma ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Jihar Katsina ba ta kuɓuta ba. Ƙwayar cuta ba ta san iyakar jiha ba, hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure kuwa ba ta rabo da matafiya dare da rana.

Yadda aka gyara wannan ɓarna ya ƙunshi darasi ga ƙasar Daura musamman. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Aka koma ga tsohuwar sarƙar nan ta hakimi da dagaci da mai unguwa. Mai unguwa ya shiga gaban masu ɗiga magani, sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a. Mutane suka yarda, domin wanda ya tsaya wa maganin mutum ne da suka sani, wanda gobe za su same shi a ƙofar gidansa idan wani abu ya faru. An ga shan inna ta daji ta ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma ran 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. Sai dai ya kamata a lura cewa sarakunan aron mutuncinsu suka ba gwamnati. Ba su ke sayen magani ba, ba su ke riƙe da kasafin kuɗi ba. Duk ranar da aka ba su gurɓataccen abu suka kai wa jama'a, mutuncin da aka ara shi zai zube.

Magani A Kasuwa Da Bakin Iyaka

Gwajin sabon magani abu ne da ba kasafai yake aukuwa ba. Haɗarin yau da kullum yana cikin maganin da ake saya a kemis da kasuwar ƙauye. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, dayetilin gilaikol, wanda ke kashe ƙoda. Wannan musiba tana cikin dalilan da suka sa aka kafa Hukumar NAFDAC da Doka ta 15 ta 1993. Duk da haka, a ƙarshen 2008 wannan guba dai ta sake kashe yara 84 ta hanyar maganin haƙori mai suna My Pikin. Bambancin da aka samu a wannan karo shi ne, an bi sawun maganin har masana'antarsa a Legas, aka gurfanar da masu hannu, kuma a 2013 kotu ta ɗaure biyu daga cikinsu. Lambar rajista da lambar rukunin da ke jikin kwalba su suka sa hakan ta yiwu.

Ƙasar Daura tana da nata yanayi a wannan fanni, domin Mai'adua da Zango da Baure duk suna bakin iyakar Nijar. Jama'ar tsallake da ta nan dangi ne, kasuwarsu ɗaya, kuma ta Kongolam da ƙananan hanyoyi marasa adadi kaya suna shiga suna fita, har da magunguna. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an gano cewa wasu alluran rigakafin da aka kai gudummawa daga Nijeriya jabu ne, bayan an riga an yi wa mutane dubbai. Saboda haka sakacin wannan ɓangare yana iya kashe ɗan Magarya ko Damagaram, kamar yadda na can zai iya kashe ɗan Sandamu. Mai duba magunguna da ke zaune a birnin Katsina ba zai ga abin da ake kasawa a rana ranar kasuwa ba, sai fa idan ma'aikatan ƙaramar hukuma sun zama idanunsa.

Haka al'amarin yake game da saurin kai rahoto. Allurar da aka fara yi a Arewa a 2011 ta karya lagon sanƙarau nau'in A. Amma a ƙarshen 2016 nau'in C ya ɓulla a Zurmi ta Jihar Zamfara, labari kuwa bai isa ga hukumar Tarayya ba sai cikin Fabrairu na 2017. Kafin a shawo kan annobar ta shiga Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, mutum fiye da 14,000 suka kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Makonnin da aka ɓata tsakanin ƙauye da hedkwata su ne makonnin da za a nemo allura. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'o'i 5 na cutar. Wannan ci gaba ne babba, amma amfaninsa ya rataya a kan firjin da ke aiki a Baure, da ma'aikacin da ke rubuta zafinsa safe da yamma don ya tabbata bai fita daga awo 2 zuwa 8 ba.

Makaman Da Doka Ta Tanada

Ƙasar Daura ta sami manyan gine-ginen lafiya a 'yan shekarun nan. Bayan babban asibitin garin, an buɗe Asibitin Rundunar Sojan Sama a 2019, daga baya kuma aka kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Akwai kuma Makarantar Koyon Aikin Lafiya, wadda ke yaye ma'aikatan ƙananan asibitoci. Waɗannan abin godiya ne. Amma mafi yawan jama'ar masarautar manoma ne da makiyaya a ƙauyuka, kuma mace mai naƙuda da tsakar dare a ƙauyen Zango, asibitin mazaɓarta za ta fara nufa. A can ne ake auna ko hukuma ta cika alkawari.

Abubuwan da suka faru tun 1996 sun haifar da dokoki waɗanda, da za a yi aiki da su, da sun toshe ƙofofin nan huɗu. A 2007 aka fitar da ƙa'idar ƙasa kan ladubban binciken lafiya, tare da kwamitin ƙasa mai sa ido a kan kwamitocin asibitoci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta samun yardar mutum a rubuce kafin a yi bincike a jikinsa, ta ba majiyyaci haƙƙin a yi masa bayanin ciwonsa da maganinsa da harshen da yake ji, ta kuma haramta a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Ita ce kuma ta kafa asusun lafiya matakin farko, wanda ta ce kada ya gaza kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shiga na Tarayya. An fara sa masa kuɗi a kasafin 2018, naira biliyan 55. Manufar ita ce wani kaso ya riƙa shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye, kuma kwamitin raya mazaɓa ya san abin da ya shigo da abin da aka kashe. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34.

Bugu da ƙari, Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takarda, kuma ta ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa. Da wannan doka tana nan a 2001, da rahoton Nasidi bai yi shekara biyar a ɓoye cikin sauƙi ba. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya. Idan aka aiwatar da wannan hukunci sosai, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da sauran uzurin cewa an riƙe masa kuɗi, kuma jama'a za su san wanda za su tambaya. Akwai kuma tsofaffin hanyoyi da aka cika mantawa da su: Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, da majalisar ladabtar da likitoci, da Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, wanda rahotonsa ke zuwa gaban Majalisar Dokoki.

Aikin Ma'aikaci Da Ɗalibi

Doka ba ta aiwatar da kanta. A ƙarshe alhakin gwamnati yana sauka ne a kan teburin wani ma'aikaci mai suna da lambar fayil. Abin da labarin Kano ya nuna shi ne, manyan musibu sukan shigo ta ƙananan ayyukan ofis. Takarda guda ce aka mayar wa kwanan wata baya. Rajista guda ce ba a cike ba. Rahoto guda ne aka kulle. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar ilmin likita kafin a gane cewa kuskure ne.

Saboda haka, ma'aikacin sito da ya karɓi magani, lalle ne ya rubuta lambar rukuninsa da ranar lalacewarsa, ya kuma ƙi karɓar wanda ba shi da rajista ko da wane ne ya aiko shi. Ma'aikacin asibitin mazaɓa da ya ga yara biyu ko uku da zazzaɓi da sanƙarewar wuya a mako guda, lalle ne ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ba tare da tsoron za a ce ya ɓata sunan yankinsa ba. Wanda ya ga yaro ya rikice bayan allura, ya rubuta, ya kai rahoto, ya kuma gaya wa iyayen gaskiya, domin abin da aka ɓoye shi ke zama jita-jita. Akawun da aka kawo wa takarda ya sa hannu a kan aikin da bai gani ba, ya tuna cewa sa hannun nasa shaida ce. Shugabannin da ke sama kuwa, wajibinsu ne su kare ƙaramin ma'aikacin da ya faɗi gaskiya, in ba haka ba babu wanda zai sake faɗa.

Ɗalibai kuma suna da rawar da za su taka tun kafin su kama aiki. Kasafin kuɗin jiha takarda ce ta jama'a. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Ɗalibin da ya ɗauki kasafin shekara guda, ya duba abin da aka ware wa asibitocin mazaɓun ƙaramar hukumarsa, ya nemi sanin abin da aka saki, sa'an nan ya taka da ƙafarsa ya ga ko akwai ungozoma da ruwa da wuta da magani a wurin, ya yi binciken da ya fi tarin maƙalu amfani. Tambayar hukuma cikin ladabi da hujja ba rashin biyayya ba ce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa rarraba aikin lafiya tsakanin hukumomi uku ya sa alhaki yana saurin ɓacewa, cewa a Kano a 1996 ya ɓace ta wajen izini da rubutu da bayyana gaskiya da diyya, kuma cewa yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, a Katsina da sauran wurare, su suka biya bashin da ƙafafunsu. An kuma nuna cewa dokokin da ake da su a yau sun fi na wancan lokaci nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne a kowane asibiti na ƙasar Daura, tun daga na Tarayya har ɗakin shan magani na ƙauye, a san sunan wanda ke da alhakin kowane aiki, a rubuta abin da aka yi a ranar da aka yi shi, a kuma bar takardar inda mai haƙƙi zai iya ganinta. Gwamnati tana karɓar haraji da kason arzikin ƙasa da sunan jama'a, ma'aikaci kuma yana karɓar albashi da sunan hidimarsu, kowa ya ci ladan kuturu kuwa, tilas ya yi masa aski.